Ƙidayar namun daji daga sama da rabon ƙasar Daura



An daɗe ana ƙidaya namun daji da ƙananan jiragen sama, mutane na leƙowa ta taga suna lissafi. Da haka aka ƙirga giwayen Afirka, a 2016 aka sanar da 352,271 a ƙasashe 18, bayan kusan kashi 30 cikin ɗari sun salwanta tsakanin 2007 da 2014. Aiki ne mai cin kuɗi, ga gajiyar ido, ga hatsarin jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa.

A ƙarshen 2020 Isla Duporge ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka gwada wata hanya a gandun dajin Addo na Afirka ta Kudu. Suka samo hotunan tauraron ɗan Adam WorldView-3, wanda kowane ɗigo a hotonsa ke ɗaukar kimanin santimita 31 na ƙasa. Suka bi giwayen da ke ciki suna yi musu alama da hannu, suna nuna wa kwamfuta, har ta iya gano giwa da kanta, kusan daidai da idon mutum.

To, mu a ƙasar Daura ina rabonmu? Daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, gonaki sun cinye daji. Abin da ya rage mana zomo ne, kurege, bushiya, zabon daji, sai shamuwa mai zuwa gab da damina. Babu tauraron da zai hango kurege. Ko NigeriaSat-2 da aka harba a 2011, ɗigonsa mita biyu da rabi ne.

Amma tauraro na ganin itace, kuma a nan nake so mu tsaya. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen da tawagarsa sun koya wa kwamfuta gane inuwa da kan bishiya, ta ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, inda ake zaton fako ne. Maƙwabtanmu na Magarya da Matamaye ma, hotunan sama ne suka tabbatar wa duniya cewa manomansu sun raya gawo a gonaki, cikin wani farfaɗowa da ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Inda gawo da tsamiya suka dawo, tsuntsu ya samu sheƙa, ƙaramar dabba ta samu mafaka. Ƙirga itatuwan masarautar nan shekara bayan shekara shi ne ma'aunin da ke hannunmu.

Sai dai kwamfuta abin da aka nuna mata kawai take sani. Wa zai ce mata wannan gawo ne, wancan darbejiya ce da aka dasa? Mafarauci da makiyayi sun san kurmin da zabi ke kwana, sun san shekarar da barewa ta daina zuwa. Ina roƙon ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura su ɗauki hotunan tauraron ɗan Adam na ƙasar nan su je wurin Sarkin Baka da ardo-ardo, a zauna a sa wa kowace bishiya sunanta, a fara da gunduma ɗaya kafin damina ta sauka.