Kuɗin Fito Da Rufe Ƙofa: Muhawarar Amurka A Ma'aunin Ƙasar Daura



Ranar 2 ga Afrilu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya a farfajiyar fadarsa riƙe da wani allo wanda aka jera sunayen ƙasashen duniya a kansa. Gaban kowace ƙasa an rubuta kuɗin fiton da za a riƙa karɓa a kan kayanta in sun iso Amurka. An yanka wa Nijeriya kashi 14 cikin 100. Kafin watan ya ƙare, na ƙasar Sin ya kai kashi 145, ita kuma ta rama da kashi 125. Mai sauraro yana iya cewa, to, ina ruwan mutumin Daura da rigimar manya? Amsar ita ce, abin da masanan Amurka suke gardama a kansa cikin littattafai da zaurukan majalisa, mutumin Mai'aduwa da na Zango da na Ɓaure sun ɗanɗana shi a jikinsu daga 2019 zuwa 2020. Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗora gardamar can bisa ma'aunin abin da ya faru a nan.

Kalmar fito tsohuwa ce a Hausa. Asalinta ƙetarar da mutum ko kaya a kogi, kuɗin fito kuwa ladan mai kwalekwale. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da abin da fatake suke biya in ayari zai ratsa ƙasar wani sarki. Turawan Ingila ma da suka zo sun ɗora nasu a kan ayari, sa'an nan suka soke shi a 1907. Watau Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai riƙe da ƙofa yana da abin karɓa, ya kuma san cewa falke ba ya biya daga aljihunsa. Yana ɗorawa ne a kan kuɗin gishiri da goro, mai saye ya biya.

Su ma Amurkawa ba yau suka fara ba. Tun 1791 Alexander Hamilton, ministan kuɗinsu na farko, ya kawo shawarar a kāre ƙananan masana'antun ƙasar daga kayan Ingila har su yi ƙarfi, kuma a bayan irin wannan katanga Amurka ta girma a ƙarni na 19. A 1930 suka ƙara tsawon katangar da dokar Smoot da Hawley, ƙasashe suka rama, ciniki ya durƙushe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai suka juya suka zama limaman buɗe ƙofa. Wannan huɗuba ce aka karanta wa Nijeriya a 1986, zamanin shirin gyaran tattalin arziki, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka soke lasisin shigo da kaya, aka saki naira. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai yi murmushi in ya ji cewa a watan Agusta 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kimanin kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin Intel. Liman ya koma kan abin da ya hana mamu.

Me ya kawo wannan juyi? Ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001. A 2000 Amurkawa kimanin miliyan 17 suke aiki a masana'antu. Zuwa 2010 ba su kai miliyan 12 ba. Injuna da karayar tattalin arziki ta 2008 sun ci nasu kaso, amma binciken David Autor da abokan aikinsa ya nuna kayan Sin masu araha sun kashe ayyuka masu yawa, kuma asarar ta taru ne a wasu garuruwa ƙididdigaggu, masu saƙa da masu haɗa kujeru, waɗanda ba su farfaɗo ba. Mutumin Arewa ba ya bukatar tafinta a nan. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da 'yan'uwanta na Kakuri da na Kano sun ciyar da dubban gidaje, sa'an nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Fushin ma'aikacin da aka sallama a Ohayo da na wanda aka sallama a Kakuri iri ɗaya ne. Bambancin kawai, na Ohayo ƙuri'arsa tana iya sauya shugaban ƙasa mafi ƙarfi a duniya, kuma ta sauya.

Saboda haka manyan jam'iyyun Amurka biyu duk sun rungumi kāriya, sai dai kowacce da salonta. Joe Biden bai cire kuɗin fiton da Trump ya ɗora wa Sin a 2018 ba. Ya ma ƙara da wani abu daban. A Agusta 2022 ya sa hannu a dokar da ta ware fiye da dala biliyan 52 domin a dawo da ƙera ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kwamfuta gida, waɗannan 'yan mitsi-mitsin abubuwa da waya da mota da makami duk ba sa aiki sai da su. A 1990 Amurka ce take ƙera kashi 37 cikin 100 na waɗanda ake yi a duniya. Zuwa 2020 ta sauko kimanin kashi 12, mafi ingancinsu kuwa kusan duka a tsibirin Taiwan ake yi. Bayan wata biyu, a Oktoba 2022, ya hana sayar wa Sin mafi ƙarfin waɗannan ƙwayoyi, irin waɗanda kamfanin Nvidia yake tsarawa, waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta dogara a kansu. Ga hanyoyi biyu ke nan. Ɗaya ta toshe ƙofa, ɗaya ta zuba kuɗi a gina abin da ake so a cikin gida. Yawancin gardamar Amurka a kan wadda ta fi ce, da kuma wanda zai biya.

To, a dawo Daura. Masarautar tana da ƙananan hukumomi biyar, watau Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Ɓaure, kuma arewacinta duka iyaka ce. Iyakar nan ba ta daɗe ba. Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ne suka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, a daidai lokacin da Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Turakun sun ratsa gonaki da zumunta. Mutumin Kwangwalam da na Ɗan Barto harshensu ɗaya, suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya. Kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi da dabbobin Damagaram take cika, hatsi da kayan masarufi na Nijeriya kuma su bi hanyar Matamaye su yi arewa.

A watan Yuli 2019, a birnin Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ranar 20 ga Agusta na shekarar ta rufe iyakokinta na ƙasa. Wanda ya ba da umarnin ɗan Daura ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, kuma adalci ne a faɗi cewa hujjarsa ba ta banza ba ce. Shinkafar Tailan da Indiya tana sauka a Kwatano da yawan da ya fi cikin mutanen Binin nesa ba kusa ba, ta biyo ta Nijar ko ta kudu ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Man fetur mai tallafi yana fita. Makamai suna shigowa. Gwamnati kuwa tun Nuwamba 2015 ta ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Kabi, tana ganin fasa-ƙwauri yana neman kashe abin da ta shuka. Hujjar Hamilton ce sak, a bakin Bahaushe.

Abin dubawa shi ne yadda riba da asara suka rabu. Ƙasar Daura ta gero ce da dawa da wake da riɗi, ba ta shinkafa ba. Ribar rufe ƙofa ta tafi fadamun Kabi da kwarin Haɗeja da Kura, ta tafi ga masu injunan casa, waɗanda lalle sun ƙaru a shekarun. Asarar kuwa ta sauka a bakin ƙofa. Dillalin shanu, da direban da ke jigilar Damagaram, da ɗan dako, da mai tuwo-tuwo a tasha, duk kasuwarsu ta mutu a rana ɗaya. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda a ƙasa irin wannan ya shafi garuruwa da yawa. Manomin rani mai injin ban-ruwa, wanda bai taɓa ƙetarar da ko galan ɗaya ba, ya koma sayen mai a hannun 'yan bumburutu. An hukunta gari guda saboda laifin wasu.

Shinkafar waje kuma ba ta daina shigowa ba. Ta sauka daga tirela ta hau babur, ta bar kwalta ta bi gona da dare. Kowane shinge da aka ƙara a hanya ya zama wurin karɓa, kuma abin da aka karɓa a kan buhu aka ɗora. Kuɗin fiton da a dā yake iya shiga baitulmali ya koma aljihun waɗanda ba su ba da rasiɗi. Hauhawar farashi a ƙasa ta tashi daga kimanin kashi 11 cikin 100 a Agusta 2019 zuwa kusan kashi 16 a Disamba 2020. Ba za a ɗora wannan duka a kan iyaka ba, domin annobar korona da faɗuwar naira sun faɗo a tsakani. Amma tashin ya fara tun kafin annobar. Da aka zo buɗewa a Disamba 2020, ƙofofi huɗu aka fara da su, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ko ɗaya a Jihar Katsina. Jibiya sai a Afrilu 2022.

Masanan Amurka sun auna irin wannan a ƙasarsu, su da suke da alƙaluma. A 2018 an ɗora kuɗin fito a kan injin wanki na waje. Farashinsa ya tashi da kimanin kashi 12 cikin 100, har na gida ma ya bi, domin mai ƙerawa a gida ya ga babu mai karya masa farashi. An samu sababbin ayyuka kimanin 1,800, amma da aka raba ƙarin da masu saye suka biya, kowane aiki guda ya ci kimanin dala 800,000. Da Sin ta rama a kan waken suya, sai da gwamnatin Trump ta ware kimanin dala biliyan 28 a 2018 da 2019 ta rage wa manoma asara. A nan ne bambancin yake. Manomin Ayowa an biya shi diyya, domin yana da sanata mai jin tsoronsa. Ba a ji an biya dillalin Mai'aduwa ba. Haka kuma a can ƙananan 'yan kasuwa sun kai ƙara cewa tsarin mulki majalisa ya bai wa ikon ɗora haraji, kotun ciniki ta ba su gaskiya a Mayu 2025, magana ta tafi har Kotun Ƙoli. A nan, an tashi da safe ne aka ga ƙofa a rufe.

Kada a ɗauka wannan yana nufin kāriya haramun ce. Koriya ta Kudu da Taiwan sun kāre masana'antunsu, amma da wa'adi, da sharaɗin mai masana'anta ya kai kayansa kasuwar duniya ya gwada ƙarfinsa, da kuma lantarki da makarantu da aka tanada. Katanga lokaci kawai take saya. In ba a yi amfani da lokacin an rage tsadar taki da ban-ruwa da wutar injin casa ba, ranar da aka buɗe za a koma gidan jiya. An kuwa gani, domin a Yuli 2024 tsadar abinci ta sa gwamnatin Shugaba Tinubu ta ba da sanarwar ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan shinkafa da masara da alkama da wake, manoma da masu casa suka koma kuka da faɗuwar farashi. Kafin wannan ma ƙofar Kwangwalam ta sake rufuwa, bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, wannan karo saboda siyasa, har aka yanke wa Nijar wutar da take saye daga Nijeriya. Sai a Maris 2024 Nijeriya ta janye takunkumin. Sau biyu cikin shekara biyar. Mai jari ba ya kafa masana'anta a bakin ƙofar da bai san ranar rufewarta ba, kuma wannan ne babban kukan kamfanonin Amurka a 2025, da kuɗin fito ya riƙa hawa da sauka tsakanin mako da mako.

Hanya ta biyu, ta gini, ita ma ta iso Daura, kuma ta hannun abokan hamayyar Amurka ta iso. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disamba 2019 kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina ta, a kan dala miliyan 50, domin a horar da injiniyoyin da za su riƙe layin dogo in Sinawa sun tafi. Ko za su iya ƙera wani abu ko kuwa za su tsaya ga ɗaure abin da aka ƙero daga waje, wannan ya danganta ga ɗakunan gwaji da malamai da wutar da aka ba su. Layin dogon kansa, daga Kano ya bi Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, an bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal kwangilarsa a kan kusan dala biliyan 2, kamfanin da wani kamfanin gwamnatin Sin ya sayi kusan sulusin jarinsa a 2021. An aza harsashin aikin a Fabrairu 2021, wata biyu bayan fara buɗe iyaka, alhali ƙofar Jibiya da jirgin zai ratsa tana nan a garƙame.