Kwamfutar Hannu: Asalinta, Bunƙasarta da Makomarta

Gabatarwa



Batun da za mu tattauna a yau shi ne kwamfutar hannu, watau duk wata na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda mutum zai iya riƙewa da hannu ɗaya, ya sarrafa ta da ɗayan, ya kuma jefa ta aljihu idan ya gama. Mun ɗauki makonni muna nazarin tarihinta tare da ɗalibai a zaman ƙara wa juna sani, abin da zan gabatar kuwa tsakure ne na abin da nazarin ya nuna. Wataƙila wani zai ce, me ya kai malamin Hausa fagen injiniyoyi? Amsar wannan tambaya ita ce jigon laccar baki ɗaya. Duk wanda ya bi tarihin nan daki-daki zai tarar cewa ƙarfin na'ura kaɗai bai taɓa sa jama'a sun karɓe ta ba. Abin da ya riƙa raba wadda ta rayu da wadda ta mutu shi ne irin hanyar da ta buɗe wa mutum don ya yi magana da ita. Inda duk aka zo batun magana kuwa, mai nazarin harshe yana da ta cewa.

Yadda Kwamfuta ta Ƙanƙance

A shekarar 1946 aka nuna wa duniya wata kwamfuta mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Nauyinta ya kusa tan 30, ta cika babban ɗaki, tana kuma aiki da kwalaben lantarki kusan 18,000, waɗanda ke ɗaukar zafi suna ƙonewa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1947, masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Bell suka ƙirƙiro taransisto, wanda ya maye gurbin waɗannan kwalabe. Shi taransisto makunni ne ɗan mitsitsi mai buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe ta, kuma a kan wannan buɗewa da rufewa aka gina dukkan lissafin kwamfuta. A 1958 Jack Kilby ya gano hanyar harhaɗa kayan lantarki da yawa a kan ɗan falle guda, a 1959 kuma Robert Noyce ya fito da tasa hanyar a kan silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi.

Daga nan sai al'amari ya zama na ninkawa. Gordon Moore ya lura a 1965 cewa yawan abin da ake iya dasawa a kan falle guda yana ninkawa kowace shekara, a 1975 ya mayar da hasashen kowace shekara biyu. Ga misalin da zai nuna nisan tafiyar. Ƙwaƙwalwar 4004 da kamfanin Intel ya fitar a 1971, wadda aka ƙera wa wani kamfanin Japan mai yin kalkuleta, tana da taransisto 2,300. Wadda Apple ya sa a manyan wayoyinsa na 2023 tana da biliyan 19.

Shekarar 1972 ta kawo abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da kalkuletar kimiyya mai suna HP-35 a kan dala 395, wadda aka auna ta da aljihun riga bisa umarnin Bill Hewlett. Na biyu, Alan Kay na cibiyar binciken Xerox ya rubuta maƙala a kan wata kwamfuta da ya kira Dynabook, mai girman littafin rubutu, wadda yara za su riƙa ɗauka suna koyo da ita. Ba a ƙera ta ba, amma ta zama tauraron da maƙeran baya suka riƙa dubawa.

Matsalar Yatsa da Alƙalami

Ana iya ƙanƙanta inji, amma ba a iya ƙanƙanta yatsan ɗan Adam. Wannan ita ce matsalar da maƙera suka yi shekara fiye da ashirin suna kokawa da ita. A 1984 kamfanin Psion na birnin Landan ya fitar da Organiser, wadda ake lissafawa cikin kwamfutocin aljihu na farko. Fuskarta layi ɗaya ce tak mai ɗaukar harafi 16, madannanta kuma an jera su bi da bi kamar yadda ake koyar da abacada. Ta iya ajiye sunaye da lambobi, amma rubuta wasiƙa da ita sai mai dogon haƙuri.

Kamfanin Apple ya ga cewa mafita ita ce a koma ga alƙalami. A 1993 ya fitar da Newton a kan dala 699, da alkawarin cewa mutum zai rubuta da hannunsa a kan gilashi, na'urar ta karanta. Sai ta riƙa karanta wani abu daban, har masu zanen barkwanci a jaridun Amurka suka mai da ita abin dariya. An gyara ta daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, a 1998 aka daina yin ta.

Jeff Hawkins na kamfanin Palm ya bi ta wata hanya. Ya sassaƙa ɗan katako daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi yana kwaikwayon aiki da shi, don ya gane abin da mutum ke bukata da gaske. Da na'urarsa ta fito a 1996 a kan dala 299, ba ta yi alkawarin karanta hannun kowa ba. Maimakon haka ta zo da nata salon rubutu mai suna Graffiti, inda ake zana mafi yawan haruffa da jan alƙalami sau ɗaya. Alal misali, harafin A ba shi da karan tsakiya. Mutum ne zai zauna ya koyi hannun na'urar, kuma mutane suka koya, suka saye ta rububi. A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Idan baƙo da ɗan gari suka haɗu, tilas ɗaya ya karya harshensa don ɗayan ya fahimta. Newton ta yi ƙoƙarin koyon hannun mutum ta kāsa, Palm kuwa ta sa mutum ya karya nasa hannun.

Duk da haka faɗuwar Newton ba ta tafi a banza ba. Don samar mata ƙwaƙwalwa marar cin wuta ne Apple ya haɗa gwiwa da Acorn na Ingila da kamfanin VLSI suka kafa ARM a 1990. A bisa zanen wannan kamfani aka gina ƙwaƙwalwar kusan dukkan wayoyin da suka biyo baya. Haka kuma a 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai ɗaukar caji, binciken da ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019.

Haɗuwar Waya da Kwamfuta

Tun 1994 kamfanin IBM ya gwada haɗa waya da kwamfuta a na'urarsa mai suna Simon, amma batirinta bai wuce kimanin sa'a guda ba, abin da aka sayar kuma bai wuce wajen 50,000 ba. Nokia ta ƙasar Finland ta biyo baya da Communicator a 1996. BlackBerry ta Kanada, wadda ta fito a 1999, ita ce ta kama zukatan ma'aikatan ofis, domin ta ba su madannai da ake bugawa da manyan yatsu biyu, ta kuma kai musu wasiƙunsu duk inda suke.

A 2007 iPhone ta kawar da madannan ƙarfe da na roba, ta bar gilashi da yatsa. A 2008 aka buɗe kasuwar manhajoji, wayar farko mai tsarin Android kuma ta fito. Muhimmancin wannan sauyi shi ne madannai sun koma hoto a kan gilashi. Ke nan waya ɗaya za ta iya nuna haruffan boko, ko na Larabci, ko na Sinanci, ko na Habasha, ba tare da an sāke ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Kamfanonin da suka yi jinkirin gane haka sun ɗanɗana kuɗarsu: an sayar da Palm a 2010, Nokia ta miƙa wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014, BlackBerry kuma ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta a 2022.

Nahiyar Afirka ta ƙara tabbatar da wannan darasi. Tsarin aika kuɗi na M-Pesa, wanda aka fara a Kenya a 2007, ya bunƙasa ne a kan ƙananan wayoyi masu madannai, ta hanyar gajeren saƙo. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar nahiyar ne da layi biyu a waya ɗaya, da batir mai jimiri, da kyamara mai fito da fuskar baƙar fata, da kuma sanya harsuna irin su Hausa da Swahili da Amharik. Ya duba mai saye ya ƙera masa daidai da shi.

Makomar Kwamfutar Hannu

Abubuwa uku ne, a ganina, za su yanke makomarta. Na farko shi ne wuta. Ninkawar da Moore ya hango ta fara ja da baya, domin taransisto ya kusa kai iyakar ƙanƙanta, kuɗin gina masana'antarsa kuma ya kai biliyoyin daloli. Batir kuwa bai taɓa bin sawun wannan ninkawa ba, tafiyar hawainiya yake yi. Saboda haka gasar gaba ta ƙarancin cin wuta ce fiye da ta sauri.

Na biyu shi ne kayan ƙira da sharar da suke bari. Fiye da rabin kobal ɗin da duniya ke haƙowa, wanda ake sawa a batir, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Mafi yawan ƙwaƙwalen da suka fi inganci kuma a tsibirin Taiwan ake ƙera su, ta yadda rikici a wuri guda zai iya taɓa aljihun kowa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an sāke sarrafawa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta bakin caja iri ɗaya ga wayoyi daga ƙarshen 2024.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne harshe. Bayan madanni da alƙalami da yatsa, yanzu an doshi murya. Siri ta fito a 2011, ChatGPT kuma a ƙarshen 2022, aka shiga zamanin na'urar da ake yi wa magana ta mayar da amsa. An ma gwada kawar da wayar ɗungurungum: tabarau na Google a 2013, da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji mai suna Ai Pin a 2024, wadda aka daina a farkon 2025. Babu wadda ta ture waya daga aljihu. Amma ko wace siffa na'urar gobe za ta ɗauka, tambayar da ta rage ita ce, harshen wa za ta ji?

Mu Hausawa mun riga mun ɗanɗana irin cinikin Palm. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin ƙa'idar Unicode tun farkon shekarun 1990. Amma da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, madannanta ba su da su. Bugu da ƙari, gajeren saƙo yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70. Sai muka karya hannunmu, kafa da ƙafa suka zama ɗaya a rubuce, baki da baƙi suka zama ɗaya. Madannan gilashi sun kawar da wannan uzuri, amma sabo ya riga ya kama. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, ita kuwa irin wannan manhaja daga rubutun da ta tarar take koyo. Idan gurɓatacce ta tarar, gurɓatacce za ta mayar mana.

Matsalar murya ta fi wannan zurfi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi suke da kama ɗaya a takarda. Kunnen Bahaushe yana raba su nan take, na'ura kuwa sai an tara mata muryoyi masu yawa tare da rubutunsu kafin ta iya. Idan muryoyin Kano kaɗai ta ji, Basakkwace da Bakatsine da mutumin Damagaram za su sāke karya harshensu kafin ta saurare su. Manomi da tsohuwar da ba su yi boko ba su ne za su fi kowa amfana da na'urar da ke jin magana, su ne kuma za a fara bari a baya idan ba ta ji tasu ba.

Kammalawa

Shugaban taro, mun ga yadda kwamfuta ta taso daga ɗaki ta shiga aljihu, da yadda kowane mataki ya zama ciniki tsakanin mutum da na'ura a kan wanda zai sassauto wa ɗan'uwansa. Aikin da ya rage namu ne. Ku ma'aikatan gwamnati, duk takardar da za ta fita daga ofishinku da Hausa a rubuta ta bisa ƙa'ida, da lanƙwasarta cikakkiya. Duk na'ura ko manhajar da za a saya wa hukuma, a sa sharaɗin iya rubuta harsunan ƙasa a cikin kwangilar. Muryoyin da ke ajiye a gidajen rediyo a adana su da kyau, a kuma fayyace wanda ya mallake su kafin a miƙa wa kowa. Ku kuwa ɗalibai, kowannenku yana riƙe da rakoda da kyamara da keken rubutu a hannu ɗaya. Ku naɗi karin harshen garuruwanku da izinin masu shi, ku rubuta shi daidai, ku kawo wa sashe a adana. Da haka ne na'urar gobe za ta zo ta tarar da Hausa a shirye.