Indararo Ya Tsufa: A Shafa Masa Fenti Ko A Sake Sabo?

Jawabi ga magidantan Gesse da ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kebbi da Argungu

Maganar yau a kan indararo ce. Wani zai ce, me ke cikin indararo har da za a tara mutane a kansa? Abu ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. To, amma ɗakuna da yawa da ke faɗuwa da damina, ta wurinsa ɓarnar take farawa.

Mutanen kwarin Rima sun san ruwa. Ba a manta da ambaliyar 2010 ba, haka ma ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a Jihar Kebbi. Wannan ruwan gulbi ne, ya fi ƙarfin magidanci ɗaya. Sai dai ba kowane ɗakin da ya rushe a watan Agusta ne gulbi ya isa wurinsa ba. Akwai ɗakin da ke kan tudu, nesa da fadama, amma ya faɗi. Ruwan da ya kayar da shi daga kan rufinsa ya sauko.

A yi ɗan lissafi. A ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, wato wajen ƙafa 13 kowane gefe. In aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, wanda zurfinsa ya kai inci ɗaya, ruwan da zai sauka a kan rufin nan ya kai lita 400. Wato duro biyu ke nan, ko jarka 16. Nauyinsa daidai yake da buhun siminti 8. A ƙasar Birnin Kebbi kuwa ana samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara. Ke nan a damina ɗaya ɗan ɗakin nan yana karɓar ruwa fiye da duro 60. In ɗakin soro ne, duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. In hanyar ta lalace, ruwan ba zai koma sama ba. Cikin bango zai shiga.

Gidaje iri biyu ne a nan. Akwai ɗakunan soro na ƙasa, irin na tsohon gari da na ƙauyuka kamar su Ambursa da Zauro da Gulma. Su ne masu indararo da ake cusawa a cikin rawanin gini. Akwai kuma gidajen bulo masu rufin kwano. Sun ƙaru ƙwarai tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, kuma su suka fi yawa a Gesse. Wasu daga cikinsu suna da mazurari, wato dogon kwano mai kwari da ake ratayawa a bakin rufi don ya tattara ruwa. Wasu kuma an kewaye rufinsu da bango, ruwa na bi ta bayan bangon ya fita ta bututu. Duk aikinsu ɗaya ne, kuma ciwonsu ɗaya ne.

Yanzu ga tambayar. Bazara ta shigo, maigida ya ɗaga kai ya ga indararonsa ya yi ja, fentin ya kware, ya yi muni. Ya sayi fenti ya shafa, ko ya cire shi ya sa sabo?

Ba a amsa wannan tambaya daga ƙasa. Sai an hau.

Dalili kuwa shi ne, abin da ido ke gani daga tsakar gida shi ne bakin indararo na waje. Wannan ɓangaren yana shan iska da rana, yana bushewa da wuri, saboda haka yakan daɗe. Inda ciwon yake shi ne gindinsa, wanda ke binne cikin bango. Nan ƙurar hunturu take taruwa, da ganyen darbejiya, da kashin tantabaru, da leda. Ruwan farko ya jiƙa su, su zama laka. Lakar ta kwana tana cin ƙarfe. Indararo yana iya zama da kyau a baki alhali gindinsa ya zama rariya.

Kwanon da ake yin indararo da shi ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya. Tutiyar nan ce take ba shi hasken nan in yana sabo, ita ce kuma take tsare shi. Muddin tana nan, tsatsa ba ta kama shi. In ta cinye, ƙarfen ya fito fili, ruwa da iska su haɗu a kansa, sai tsatsa ta fara. Aikin fenti shi ne ya maye gurbin tutiyar da ta tafi. Fenti riga ne. Yana tsare ƙarfe mai lafiya, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ruɓe.

To, yaya ake gwadawa? A sami tsani mai ƙarfi, a sa mutum ya riƙe. A hau da tsintsiya da babbar ƙusa da bokitin ruwa. A share dattin sarai. Sa'an nan a kankare wurin da ya fi ja da ƙusar, musamman can ciki, inda indararo ya haɗu da rufi. In tsatsar ta tashi kamar gari, aka ga ƙarfe mai haske a ƙarƙashi, kuma an danna bai lotsa ba, to wannan indararo yana da sauran kwana. Fenti zai yi masa amfani. In kuwa tsatsar tana ɓarewa fale-fale kamar ɓawon albasa, ko ƙusar ta huda shi ba tare da wahala ba, to ya gama aiki. Ko an juye masa galan guda na fenti, ba zai kai ƙarshen Agusta ba.

Bayan haka a zuba ruwan bokitin a kan rufi, a sa wani ya tsaya a ƙasa yana kallo. Ruwan ya kamata ya fita ta baki ya faɗi nesa da bango. In an ga yana ɗiga ta ƙarƙashi, ko yana bin jikin bango, akwai huda ko tsagewa. Bangon ma da kansa yana ba da labari. In akwai baƙin layi ko kwari a ƙarƙashin indararo, ruwa ya daɗe yana bin wurin. A shiga cikin ɗakin kuma a dubi kusurwar. In akwai tabon danshi, ko gara ta fara hawa kan azara, maganar fenti ta wuce. Azara in ta ruɓe daga kai, ba ta sallama kafin ta karye, kuma sau da yawa da dare ake ruwan, mata da yara suna barci a ƙarƙashinta.

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Mai fenti ya zo ya shafe bango da ƙofa da indararo gaba ɗaya, musamman in ana shirin biki ko Salla. Gida ya yi fes. Ƙananan hudojin nan fenti ya rufe su, ido ba ya ganinsu. Maigida ya kwanta da murna. Ruwa biyu ko uku, fentin ya kumbura ya fashe, domin tsatsar da aka rufe ba ta daina ci ba. Ya yi hasarar kuɗin fenti, kuma ya rasa lokacin gyara, tunda ba a buɗe rufin ƙasa cikin marka. Wannan gyaran gangar Abzinawa ne.

In an tabbata ƙarfen yana da lafiya, ga yadda ake yi. A goge tsatsar duka da burushin waya ko samfefa, ciki da waje. A wanke, a bar shi ya bushe ƙayau. A fara shafa jan fentin nan na ƙarfe, irin wanda masu walda suke shafa wa ƙofa da taga kafin su sa launi. Shi ne mai riƙe tsatsa. A bar shi ya kwana, sa'an nan a bi da fentin mai sau biyu. Cikin indararo ya fi bayansa bukatar fenti, don ta nan ruwa ke bi, amma nan ne masu aiki suka fi tsallakewa saboda ba a gani. Maigida ya hau ya duba da idonsa kafin ya biya. A yi aikin da safe. Zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana sa ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, fenti kuma ba ya kama ƙarfe mai zafi. Ranar da ake iska da ƙura ma a dakata.

Akwai gargaɗi a kan tsohon fenti. Wasu fentocin mai suna da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara. Kowa ya ji abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga duwatsun zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Don haka a jiƙa wurin kafin a kankare don kada ƙura ta tashi. A kori yara daga wurin. A kwashe ɓarɓashin a binne, kada kaji su tsattsage shi. Wanda yake tarar ruwan sha daga mazurarinsa kada ya shafa wa cikinsa kwalta, ko baƙin mai, ko fentin da bai san irinsa ba. Gara ya sake sabon kwano ya bar cikinsa haka nan.

Sabon kwano ma ba a gaggauta yi masa fenti. Tutiyarsa tana da santsi, fentin mai ba ya zama a kanta, yakan kware. A bar shi ya sha damina ɗaya, haskensa ya dushe, sa'an nan fenti zai kama.

Mazurarin rufin kwano yana da ɗan sauƙi, domin ba a binne yake ba. Ana iya ganinsa duka. In huda ɗaya ce ko biyu, sauran jikin kuma garau, mai ƙirar kwano yana iya yanke wurin ya yi masa faci. Ba lalle sai an zubar da shi duka ba. Amma a duba ƙarafan da ke riƙe da shi da katakon da aka kafa su a jiki. In sun saki, mazurarin yakan yi ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta. Ruwan da ya kwanta yana kawo tsatsa, yana kuma kawo sauro, domin cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan sauro yana zama sauro mai cizo. Fenti ba ya gyara wannan. Kafinta ne zai ɗaga shi ya karkata shi wajen mafita.

Ba kowane indararo ne na kwano ba. Na ƙasa wanda masu ginin tukwane suke gasawa ba ya tsatsa, ba ya bukatar fenti ko kaɗan. In ya tsage, sai dai a sake. Na giginya kuwa a soka masa wuƙa a gindi, in ta nutse a cire shi. Na roba shi ma ba ya tsatsa, amma rana tana ƙona shi har ya riƙa karyewa kamar ƙwarya. In an matsa bakinsa ya ɓantare, ya tsufa.

Maganar kuɗi fa? Kafin a yanke shawara a shiga kasuwa a tambayi farashin duka biyu: gwangwanin jan fenti da na mai da burushi a gefe ɗaya, sabon indararo da ladan magini a ɗaya gefen. Mai indararo ɗaya tak zai iya tarar cewa sayen fenti domin sa kaɗai bai biya ba. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya ya ishe su. Wanda zai sayi sabo kuma ya taɓa kaurin kwanon da hannunsa. Akwai mai laushi kamar gwangwanin madara, araharsa ke jan mutane, damina biyu ya huje. A sa cikin lissafin har da kuɗin sabon azara da yaɓen ɗaki, in aka bar abin ya kai can.

Ɗan haya kada ya yi shiru don gidan ba nasa ba ne. Katifarsa da hatsinsa ne a ciki. Ya kira mai gidan ya nuna masa tun rani.

In an zo sa sabo, a kula da abin da magina na ƙwarai suke yi. Suna buɗa gindin indararo ya yi faɗi, su shigar da shi ƙarƙashin yaɓen rufi, don ruwa ya hau kansa, kada ya bi ta ƙarƙashinsa. Suna sunkuyar da bakinsa ƙasa kaɗan. Suna barin ya fito daga bango aƙalla kamu ɗaya da rabi, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska, iskar kuma tana mayar da ruwan gajeren indararo jikin bango. Suna cike kewayensa da ƙasa wadda ta kwana a kwaɓe, su bi da makuba. Cusa siminti a bangon ƙasa ba ya cika yin amfani. Siminti da ƙasa ba su kama juna, sukan rabu, ruwa ya sami hanya a tsakaninsu.

A ƙasa kuma, inda ruwan ke faɗuwa, a jera duwatsu ko fasassun bulo don kada ya haƙa rami a gindin gini. A ja masa 'yar hanya ya fita. Amma a lura da inda hanyar ta nufa. Ƙarar indararo tana cikin ƙararrakin da masu unguwa suka saba ji da damina: wane ya juya ruwansa kan katangar wane. Kafin a kafa sabo a kira maƙwabci ya ga inda bakinsa zai kalla.

Ruwa yakan fara sauka a nan cikin Mayu ko Yuni. Sabon yaɓe yana son kwanaki kafin ya bushe, fenti ma haka. Wanda zai hau rufinsa ya hau cikin Maris ko farkon Afrilu, tun magina ba su koma gona ba.