Ikon Uwa da Mazantakar Ɗa a Wasan Koriyolanus na Shekisfiya

Maƙasudin wannan lacca shi ne nazarin matsayin uwa wajen gina mazantakar ɗanta, kamar yadda wasan kwaikwayon Ingila na farkon ƙarni na 17 ya nuna. Misalin da za a duba shi ne wasan Koriyolanus, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen 1608, aka buga shi a 1623. Ya ciro labarin ne daga tarihin da Fulutak ya rubuta a kan manyan mutanen Girka da Rum, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1579.

Da farko ya kamata a lura da halin zamanin. A dokar Ingila ta wancan lokaci, dukiyar matar aure tana ƙarƙashin ikon mijinta. Duk da haka mace ce, wato Sarauniya Alizabet ta Ɗaya, ta mulki ƙasar daga 1558 zuwa 1603. Haka kuma a gidajen masu hali, yaro yakan zauna a hannun mata har ya kai shekara 6 ko 7, sannan a sa masa wando ya shiga sahun maza. Ashe ke nan, a ganinsu, zama namiji yana farawa ne da rabuwa da uwa.

Wannan ra'ayi ne wasan ya gwada ƙarfinsa. Koriyolanus jarumin Rum ne wanda ya tashi maraya. Uwarsa, Bolumniya, ita ta tura shi yaƙi tun yana ɗanyen saurayi, kuma tana ƙidaya tabon raunukan jikinsa da alfahari, kamar mai ƙidaya dukiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: jaruntakar da yake taƙama da ita, daga gare ta ya sha.

Da talakawa suka kore shi saboda girman kai, sai ya haɗa kai da abokin gabarsa Awfidiyus don su ƙone Rum, yana mai ƙudurin manta cewa yana da dangi. Abokansa sun roƙe shi, ya ƙi. Amma da uwarsa ta durƙusa a gabansa, tare da matarsa da ɗansa, sai ya riƙe hannunta ya yi shiru, ya janye yaƙin. Rum ta tsira, mutanenta suka tarbi Bolumniya da murna. Shi kuwa, Awfidiyus ya kira shi yaro mai kuka a gaban jama'a, aka kashe shi.

Abin lura shi ne, zagin nan na "yaro" ya fi kowane takobi yi masa ciwo, domin ya mayar da shi hannun mata, inda ya yi zaton ya baro tuntuni. Wasan bai ɗora laifi a kan uwa kaɗai ba. Ya tuhumi al'ummar da ta hana mace iko a fili, har ta rasa hanyar ɗaukaka sai ta jikin ɗanta, ta kuma koya wa namiji cewa tausayi abin kunya ne.