Daga Kaciya Zuwa Kushewa: Al'adun Yahudawa A Majami'arsu



Mu nan Sakkwato ran bakwai muke raɗin suna. Bayahude kuwa ran takwas yake yi wa ɗansa kaciya, a raɗa masa suna nan take, bisa alkawarin Annabi Ibrahim. In yaro ya cika shekara 13, sai ya karanta Attaura gaban jama'a. Daga ranar ya balaga, ana lissafa shi cikin mutum goman da ibadar jam'i ba ta tsayuwa sai da su. Ran ɗaurin aure ango yakan take kofin gilashi ya fashe, don tunawa da Haikalin Ƙudus da Rumawa suka rushe a shekara ta 70 Miladiyya. In an yi rasuwa, a wanke mamaci, a sa masa farin likkafani, a binne da gaggawa, a zauna makoki kwana bakwai.

To, jama'a, ku lura: addu'ar Kadish da maraya yake karantawa, ita ma sai goman nan sun hallara. Saboda haka, sa'ad da Shaihu Magili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya sa aka rushe majami'ar Tamantit ta ƙasar Tuwat wajen 1492, jama'arta ta watse, maraya ya rasa masu amsa masa amin.