Soyayya a Bakin Ganuwar Burmi

A watan Yulin 1903 rundunar Turawa ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, kuma da yawa daga masu riƙe da bindigogin nan Hausawa ne. To, ku ɗauki ɗaya cikinsu. Ya idar da sallar asuba, ya saɓa bindigar Nasara, alhali yarinyar da yake so tana cikin ayarin masu hijira tare da Sarkin Musulmi, tabarma da ƙwarya a ka. Ina zai sa kansa?

Littafin Gandoki na Bello Kagara ya taɓo yaƙin Turawa tun 1934, sai dai jarumtaka ce ta ɗauke masa hankali. Marubutanmu na soyayya, labarin falo da manyan motoci ya isa haka nan. Don Allah ku leƙa Burmi.