Ruwan da Bai San Hunturu Ba

Karatu: Irmiya 17:5-8



Bayan an gama kaka an zuba gero da dawa a rumbu, matasan ikkilisiyarmu a nan ƙasar Makoda suka haɗa kuɗi, muka yi hayar mota zuwa Yankari a Jihar Bauchi. Mun bi ta Kano da Ningi da Bauchi, muka ratse a Dindima. An keɓe wannan daji domin namun jeji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jiha a 2006. Giwa kam ba mu gani ba, sai sawunta. Birai kuwa sun nuna mana kansu sosai, har ɗaya ya fizge burodin mai bishararmu ya hau bishiya da shi.

Da sassafe muka gangara maɓuɓɓugar Wikki, ana sanyin hunturu, kowa ya rungume hannu. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin wani babban dutse, garau, shuɗi-shuɗi da kore, har kana ganin farin yashin da ke ƙasa. Yaran suka tsaya bakin gaɓa suna tsoron sanyi. Da na farko ya sa ƙafa, sai ya yi ihu, "Baba Fasto, da ɗumi!"

Ɗumin ruwan Wikki digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Kowace rana yana zuba lita wajen miliyan 21 cikin kogin Gaji. Wanda ya shiga da hunturu zai ce yana da ɗumi, wanda ya shiga da bazara zai ce yana da sanyi, alhali ruwan bai sāke ba. Dalili kuwa, ruwan sama ne da ya nitse can cikin ƙasa, inda iskar hunturu ba ta kaiwa, zafin ƙasa ya ɗumama shi, sa'an nan ya sami tsaga ya fito.

Mu mutanen Makoda mun san wani irin ruwa dabam. Kududdufinmu yana cika a watan Agusta, kafin Maris ya zama busasshen laka. Rijiya ma, da bazara sai an ƙara wa guga igiya.

Annabi Irmiya ya kwatanta mutum biyu. Ɗaya ya dogara ga ɗan adam, ɗaya ga Ubangiji. Ku lura, 'yan'uwa, annabin bai yi wa na biyun alkawari cewa fari ba zai zo masa ba. Fari yana zuwa wa dukansu. Abin da ya bambanta su shi ne inda saiwa ta kai.

Za mu faɗi abin da ya dame mu. Shekarar da amfanin gona ya yi kyau, majami'armu ba ta ɗaukar mutane ranar godiyar kaka. Bara da ruwa ya ɗauke da wuri, taki kuma ya yi tsada, gida uku suka daina zuwa sujada. Samarinmu suna tafiya cin rani birni, waɗansu su dawo ba Littafi Mai Tsarki a jakarsu. Ba mu faɗi wannan domin mu kunyata kowa ba. Mu masu wa'azi ma, sau nawa addu'armu take hucewa idan baiko ya ragu? Mun tsaya bakin Wikki, kunya ta kama mu.

Wannan mako, mu da dattawan ikkilisiya za mu zaga gidajen nan uku, da kwanon hatsi a hannu. In akwai irinsu a ikkilisiyarku, kada ku jira Lahadi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka san waɗanda rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka. Ka ciyar da su, ka riƙe su, ka komo da su cikin zumunta. Ka kiyaye 'ya'yanmu da ke cin rani. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.